Yadda Ake Atisayen Kiɗa da Waƙa Cikin Lafiya, da Yadda Ake Shawo Kan Fargabar Dandamali

Hannun makaɗi ba ya bambance daidai da kuskure. Abin da aka yawaita maimaita masa shi yake haddacewa. Idan mai kaɗa jita ya bi ta wani wuri mai wuya sau talatin, ya yi tuntuɓe a ashirin da biyar, ya dace a biyar, to abin da yatsunsa suka koya a ranar shi ne tuntuɓen, ko da shi yana ganin ya sha aiki. Haka lamarin yake ga ɗaurewar kafaɗa da riƙe numfashi da tsoron idon jama'a. Su ma maimaici ne yake koyar da su, a ɗakin atisaye suke yin saiwa, sai an hau dandamali su bayyana. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda aikin yake gudana, daga lokacin da za ka zauna atisaye har zuwa washegarin ranar wasa, kuma sun shafi mai kiɗa da mai waƙa baki ɗaya.

Mataki na farko: ka san abin da ka zo gyarawa

Kafin ka taɓa kayan kiɗa, ka buɗe ɗan littafi ka rubuta abu biyu ko uku da kake so su canza kafin ka tashi. "Zan yi atisaye na awa biyu" ƙidayar lokaci ce kawai, ba ta faɗi aikin da za a yi ba. Abin da ake so shi ne irin wannan: "a baiti na biyu numfashina yana ƙarewa kafin ƙarshen layi, zan nemo inda ya dace in shaƙa", ko "yatsan zobe yana makara wajen sauka a kan tsirkiya ta uku". Idan ba ka san inda matsalar take ba, ka naɗi kanka a waya kana yin kiɗan daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka saurara da alƙalami a hannu. Sauraren kai ba shi da daɗi, musamman a karon farko, amma kunnen da yake aiki tare da hannu yakan ji abin da ya yi niyyar bugawa, wayar kuwa tana dawo maka da abin da ka buga a zahiri.

Mataki na biyu: ɗumama jiki

Minti biyar zuwa goma sun isa. Ka motsa kafaɗu da wuya da wuyan hannu a hankali, ka ɗan yi tafiya domin jini ya zagaya, sannan ka fara da abu mai sauƙi a sannu, da sauti mai taushi. Mawaƙi ya fara da guna a tsakiyar muryarsa, baki a rufe, kafin ya hau sama ko ya sauka ƙasa. Kada a buɗe atisaye da wurin da ya fi wuya.

Mataki na uku: yadda ake warware wuri mai wuya

Wannan ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. A shekarar 2009 Robert Duke da abokan aikinsa a Jami'ar Teksas da ke Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai 17 masu kaɗa piyano. Sun ba kowannensu ɗan gajeren yanki mai wuya ya koya, ya ɗauki duk lokacin da yake so, sannan ya dawo washegari a gwada shi. Tsawon lokacin da ɗalibi ya ɗauka da yawan maimaicin da ya yi ba su nuna wanda zai yi fice ba. Abin da ya ware na gaba-gaba shi ne yadda suke yi da kuskure: sukan gano ainihin wurin da ya faru da abin da ya jawo shi, su rage gudu kafin su iso wurin, su ci gaba da maimaitawa har gyaran ya zauna.

Ga yadda za ka yi. Da zarar ka yi kuskure, ka tsaya, kuma kada ka koma farkon waƙar, domin komawa farko ita ce take sa mutum ya ƙware a shafin farko ya bar tsakiya a lalace. Ka ware wurin, ko da sauti huɗu ne kawai, ka tambayi kanka me ya faru. A ce yatsan zobe ne yake makara a jita. Ka buga sautukan huɗu a sannu ƙwarai, kana kallon hannun. Sau da yawa za ka tarar cewa laifin ba na yatsan ba ne: babban yatsa ne ya matse bayan wuyan jitar, ya hana hannu zamewa, ko kuma gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari. Ka sassauta babban yatsan, ka bar gwiwar hannu ta ɗan buɗe, sai ka ga yatsan ya isa wurinsa da kansa.

Daga nan ka kunna na'urar ƙidayar bugu, wato metronom, wadda yanzu akwai ta a kowace waya. Ka sa ta a gudun da ba za ka yi kuskure ba ko kaɗan, ko da rabin gudun asali ne. Ka buga wurin daidai sau biyar a jere. Idan ka ɓata a na huɗu, ƙidaya ta koma ɗaya. Sai ka ƙara bugu huɗu ko shida a minti, ka sake. Ranar da ka isa gudun da kafaɗa ta fara ɗagawa ko muƙamuƙi ya fara cijewa, ka ja baya mataki ɗaya ka tsaya nan, domin gudun da aka samu da ɗaurarren jiki bashi ne, kuma a gaban jama'a ake biyan sa. Bayan wurin ya zauna, ka haɗa shi da sautuka biyu na gabansa da biyu na bayansa, saboda a mahaɗa ake yawan faɗuwa.

Ni a ganina mafi yawan masu koyo ba ƙarancin ƙoƙari ne yake damun su ba. Abin da yake damun su shi ne kunyar yin abu a sannu, kamar wani zai ji su ya ce ba su iya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na huɗu: rabon lokaci, hutu da barci

An daɗe ana yawo da zancen awa dubu goma, wato cewa sai mutum ya yi atisaye na tsawon wannan lokaci kafin ya ƙware. Asalinsa binciken da Anders Ericsson da abokansa suka buga ne a 1993, a kan ɗalibai masu goga biyolin a wata makarantar kiɗa da ke Barlin a Jamus, inda suka gano cewa waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kusan awa 10,000 na atisayen kaɗaici kafin su cika shekara 20. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda suke raba lokacin. A rana sukan yi kimanin awa uku da rabi, a zama daban-daban da ba su cika wuce awa ɗaya da rabi ba, mafi yawa da safe, kuma sun fi takwarorinsu yin barcin rana. Wani nazari na 2014 da Brooke Macnamara ta jagoranta, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa yawan atisaye yana bayyana kusan kashi 21 cikin 100 ne kawai na bambancin ƙwarewa a fannin kiɗa. Saboda haka tara awanni ba shi ne duka labarin ba.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, minti 45 kullum ya fi awa biyar a rana ɗaya ta mako. Ka raba zamanka gida-gida na minti 25 ko 30, tsakaninsu hutun minti biyar wanda za ka ajiye kayan kiɗan, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwa. Dannar waya a lokacin hutu ba hutu ba ce ga yatsu. Idan kana da wurare uku da kake gyarawa, kada ka ba na farko awa guda cur. Ka yi masa minti goma, ka koma na biyu, ka je na uku, sannan ka dawo. Wannan cakuɗawar tana sa mutum ya ji kamar ba ya ci gaba, domin duk dawowa sai ƙwaƙwalwa ta sake lalubo abin, amma wannan laluben shi ne yake sa ya zauna har gobe, kuma shi ne irin aikin da dandamali yake nema, inda dama ɗaya ce tak.

Barci ma ɓangare ne na atisaye. A wani gwaji da Matthew Walker da abokansa suka buga a 2002, mutanen da suka koyi wani jerin danna yatsu sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba, alhali waɗanda suka ɗauki tsawon wannan lokacin a farke ba su samu irin wannan ƙari ba. Don haka idan wuri ya ƙi zama bayan ka yi masa aiki mai kyau, ka bar shi ya kwana. Kuma a ranar da hannu ya gaji, akwai atisayen zuci: ka zauna shiru, ka bi kiɗan a ranka sauti bayan sauti, kana jin amon, kana jin wane yatsa ne yake sauka. Masanin ƙwaƙwalwa Alvaro Pascual-Leone ya nuna a 1995 cewa mutanen da suka yi kwana biyar suna irin wannan atisaye a kan wani darasin piyano na yatsu biyar sun samu sauyi a sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu, kwatankwacin na waɗanda suka taɓa piyanon da hannu.

Mataki na biyar: ciwo, kunne da murya

A wani bincike da aka buga a 1988, wanda ya ƙunshi makaɗa 2,212 na manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka, kashi 76 cikin 100 sun ce suna da aƙalla matsalar lafiya ɗaya mai tsananin da take shafar aikinsu, mafi yawa a kafaɗa da wuya da baya. Ƙwararru ke nan, waɗanda suka san hannunsu.

Akwai bambanci tsakanin gajiyar tsoka, wadda hutu kaɗan yake kawar da ita, da ciwo mai suka, ko zafi a wuyan hannu, ko mutuwar yatsu da jin kamar ana tsira musu allura. Idan ka ji irin na biyun, atisayen ranar ya ƙare. Idan ya dawo kwana uku ko huɗu a jere, ko ya fara bin ka har wajen riƙe kofi ko murɗa makulli, ka ga likita ko mai gashin ƙashi na asibiti, ka kuma tafi da kayan kiɗanka domin ya ga yadda kake riƙe shi. Na taɓa ninka atisayena daga awa biyu zuwa biyar cikin mako ɗaya saboda wani wasa da ya matso, na yi ta shafa man zafi ina ci gaba, har wata safiya na kasa ɓalle maɓallin riga da hannun hagu. Wata biyu na yi ban taɓa tsirkiya ba. Ƙarin lokaci farat ɗaya yana cikin manyan masu jawo rauni, shi ya sa ake ƙarawa da minti goma ko sha biyar, a bar jiki ya saba na wasu kwanaki kafin a sake ƙarawa.

Akwai kuma wata larura da ake kira distoniya, wadda take kama kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa. Yawanci ba ta zuwa da ciwo. Yatsa ne zai fara lanƙwashewa ko miƙewa da kansa a daidai wurin da aka fi yi masa atisaye. Shahararren makaɗin piyano na Amurka, Leon Fleisher, ya gamu da ita a 1964, lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa, ya ƙara ƙaimin atisaye da zaton zai shawo kansu, abin ya ƙara lalacewa, har ya shafe kusan shekara talatin yana kiɗa da hannun hagu kaɗai. Wanda ya ga yatsansa ya fara yi masa gardama irin wannan, likitan jijiya zai nema, ƙarin maimaici ba zai gyara ba.

Kunne kuwa idan ya lalace ba ya dawowa. Hukumar Amurka mai bincike kan lafiyar ma'aikata ta sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuma minti 15 kacal. Mai ganga ko mai busa a ƙaramin ɗaki yana iya kaiwa nan cikin sauƙi. Ka sayi abin toshe kunne na makaɗa, wanda yake rage ƙara ba tare da ya dagula sauti ba, kuma ka ɗauki ƙugin kunne bayan atisaye a matsayin gargaɗi. Mawaƙi ya yawaita shan ruwa, ya guji yawan gyaran murya da ƙarfi da magana a cikin hayaniya, kuma idan dishewar murya ta wuce mako biyu ko uku, ya ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Mataki na shida: atisayen fitowa gaban jama'a

Wanda ya iya kiɗa a ɗakinsa ya koyi abu ɗaya ne, wato kiɗa a ɗakinsa. Idan ya hau dandamali, jiki yakan saki sinadarin adrenalin: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, jini ya janye daga yatsu zuwa manyan tsokoki, shi ya sa hannu yake yin sanyi yana rawa. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma ba ya nuna cewa mutum bai iya ba. A binciken 1988 ɗin nan, kashi 24 cikin 100 na makaɗan sun ce fargabar dandamali tana damun su, kashi 16 kuma suka ce tana da tsanani. Vladimir Horowitz, duk da sunan da ya yi a piyano, ya ƙaurace wa dandamali daga 1953 zuwa 1965.

Tunda ba za a hana jiki wannan shiri ba, sai a saba masa da aiki a cikinsa. Mako uku kafin ranar wasa, ka fara ware zama ɗaya kullum wanda ba na gyara ba ne. Ka kunna kyamarar waya, ka fita daga ɗakin, ka shigo kamar yadda za ka shigo a ranar, ka gaisa, ka yi kiɗan sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, komai ya faru. Wani lokaci ka hau bene ka sauko da gudu, ko ka yi tsalle na minti ɗaya kafin ka fara, domin ka ji yadda ake bugawa da zuciya mai dukan uku-uku. A mako na biyu ka kira mutum ɗaya ya zauna ya saurara, sannan uku, sannan wanda kake jin nauyinsa. Ka kuma sa alama a wurare biyar ko shida a cikin kiɗan waɗanda za ka iya farawa daga gare su kai tsaye, ka riƙa gwada kanka a kansu a birkice, ta yadda idan ƙwaƙwalwa ta ɗauke a tsakiya kana da wurin da za ka dira a gaba.

Game da magani: kashi 27 cikin 100 na waɗannan makaɗa sun ce sun taɓa shan maganin rage bugun zuciya irin su furofanolol, da yawansu ba da izinin likita ba. Yana rage rawar hannu, amma ba ya taɓa tunanin da yake haifar da tsoron, kuma yana da haɗari ga mai asma da mai wasu cututtukan zuciya. Sai da shawarar likita. Idan fargabar ta kai ga hana barci ko sa mutum ya riƙa ƙin karɓar gayyata, masanin halayyar ɗan'adam yana da hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu.

Mataki na bakwai: ranar wasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka canza yatsa ko wurin shaƙar numfashi, kada ka sa sababbin tsirkiyoyi da safiyar ranar, kada ka yi dogon atisaye. Ɗumama jiki da bin farkon kowace waƙa a sannu sun wadatar. Ka isa wurin da wuri, ka tsaya inda za ka tsaya, ka ji yadda ɗakin yake mayar da sauti.

Minti biyar kafin a kira ka, ka kafa ƙafafu a ƙasa, ka saki kafaɗu da muƙamuƙi, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙidaya huɗu, ka fitar kana ƙidaya shida. Numfashi shida ke nan a minti, kuma tsawaita fitarwar shi ne yake rage gudun zuciya. Kada ka ɓata ƙarfi wajen tilasta wa kanka natsuwa. A 2014 Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta sa mutane su rera waƙa a gaban wanda ba su sani ba, na'ura tana auna daidaiton muryarsu, sai waɗanda suka furta cewa ɗoki suke yi suka fi waɗanda suka ce fargaba suke ji samun maki. Ɗoki da fargaba bugun zuciyarsu ɗaya ne, shi ya sa sauya wa abin suna ya fi sauƙi a kan kashe shi.

Kafin sautin farko, ka ji layin farko a ranka da gudun da kake so, domin adrenalin yakan sa a fara da sauri fiye da kima. Idan ka fara, ka sa hankalinka a kan amon da kake so ya isa kujerar ƙarshe. Wanda ya koma sa wa yatsunsa ido a tsakiyar wasa yakan dagula aikin da suka riga suka iya. Kuskure zai zo. Idan ya zo, kada ka yamutsa fuska, kada ka koma baya gyara, ka riƙe bugun ka wuce, domin yawancin masu sauraro ba su san abin da aka rubuta ba, amma kowa yana gane tsayawa.

Mataki na takwas: bayan an sauka

Daren wasa ba lokacin hukunci ba ne, domin jiki bai gama saukowa ba kuma kuskure ɗaya yakan cika ido ya rufe komai. Idan an yaba maka, ka yi godiya, kada ka shiga lissafa wa mutum wuraren da ka ɓata. Ka bar naɗin ya kwana ɗaya ko biyu, sannan ka saurare shi da littafinka a buɗe. Ka fara rubuta abu uku da suka tafi daidai, tare da abin da ka yi a atisaye wanda ya sa suka tafi daidai, domin a sake shi. Sannan ka rubuta biyu da za a gyara, da irin kalmomin mataki na farko: wane layi, wane yatsa, wane numfashi. Waɗannan biyun su ne za su zama abin da ke saman shafi a zamanka na gaba.